Ciwon baya bayan faɗuwa: kemis, mai ɗori, asibiti ko gashin ƙashi?

Wanda ya faɗi ya bugu a baya ba ya rasa masu ba shi shawara. Kafin la'asar 'yan dubiya sun cika ɗaki, kowa da tasa. Wannan ya ce a aika yaro kemis a haɗo magani. Wancan ya ce akwai mai ɗori a garinsu, gadon gidansu ne, hannu ɗaya yake sawa ƙashi ya koma mazauninsa. Gwaggo ta ce jini ne ya kwanta, a kira wanzami ya yi ƙaho. Wani daga bakin ƙofa ya ce a je asibiti a yi hoto, sai a harare shi, domin kowa ya san kuɗin da hoto ke ci. Shi kuwa mai ciwon yana kwance, ko juyi ya kasa.

Faɗuwar ma iri-iri ce. Akwai magini da katako ya karye da shi yana yaɓe, da kafinta daga kan rufi, da yaro daga bishiyar mangwaro ko kuka, da fasinjan babur, da ɗan dako daga saman tirela, da tsohuwar da santsin tayil ya kwashe a banɗaki. Dukansu za su ce maka bayansu ke ciwo, amma ba abu ɗaya ya same su ba. Shi ya sa a ganina kuskure ne a jera waɗannan hanyoyi huɗu a ce mutum ya zaɓi wadda ta yi masa. Kowace da lokacinta, kuma akwai wadda ba ta da lokaci sam idan baya ake magana. Abin da ya fara zama dole shi ne a san wace irin faɗuwa ce.

Gadon baya ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 na ƙasa sun manne da juna. Ka ɗauke su kamar tubalan da aka ɗora wani kan wani, kowane da rami a tsakiya, aka zura wayar lantarki ta cikin ramin tun daga sama. Wayar nan ita ce laka, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, da mafitsara, da hanji, da gaba. Ƙashi idan ya karye yana haɗewa, tsoka idan ta yage tana warkewa, laka kuwa idan ta yanke ba ta komawa yadda take. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan bambanci ya doru.

Mafi yawan masu faɗuwa tsoka da jijiyoyin da ke riƙe ƙashi ne suka bugu. Ciwon yana da zafi, wani lokaci ya fi tsanani washegari, baya ya sandare, amma cikin mako 2 zuwa 6 yakan lafa. Kaɗan daga cikinsu ƙashi ne ya murƙushe ko ya tsage, kuma wurin da ya fi karyewa shi ne mahaɗar ƙasusuwan ƙirji da na ƙugu, daidai inda haƙarƙari ya ƙare. Abin da ke ruɗar mutane shi ne mai irin wannan karayar yana iya miƙewa ya taka da ƙafarsa. Don haka "ai ya tashi ya yi tafiya" ba hujja ba ce.

Inda babu zaɓi

Idan ƙafa ta sage, ko ta yi nauyi, ko mutum yana jin wani abu na tsirawa daga baya zuwa ƙafa tare da rashin ƙarfi. Idan fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa bai sani ba. Idan ya kasa riƙe bayan gida. Idan ya yi tsarki bai ji taɓawar ruwa a tsakanin cinyoyinsa da matsematsinsa ba, to maganar kemis da wanzami ta ƙare. Asibiti ne, a ranar, ba a jira gari ya waye ba. Jijiyoyin da aka danne suna da sa'o'i ne kawai kafin lalacewar ta zama ta dindindin. Alamar fitsarin nan ita mutanenmu suka fi ɓoyewa saboda kunya, musamman dattijo a gaban 'ya'yansa ko mace a gaban surukai. Wanda ke jinya ya kori kowa daga ɗakin ya yi tambayar kai tsaye.

Haka nan wanda ya faɗo daga tsayin da ya wuce mita 3, wato kusan saman katangar gida ko rufin ɗaki, ko da bai ji komai a ƙafarsa ba. Ga wuya ma ma'aunin ya fi tsauri, likitocin gaggawa na ɗaukar faɗuwa daga sama da mita 1 ko matakala 5 a matsayin mai hatsari idan akwai ciwon wuya. Wanda ya diro a kan dugadugansa daga sama har diddige ya fashe, a duba bayansa, domin ƙarfin dirar yakan bi ƙafa ya haura ya murƙushe ƙashin ƙugu, zafin diddigen kuma ya ɗauke hankali daga can. Wanda ya kai shekara 65 kuma yana ciwo a tsakiyar gadon baya, ko da a tsakar gida ya zame, shi ma hoto ne. Jini a fitsari na iya nuna ƙoda ta bugu. Idan aka danna ƙashi guda a tsakiyar baya mutum ya zabura, wannan ma ya bambanta da ciwon da ya bazu a tsokar gefe.

Sau da yawa kafin a kai ga zaɓen inda za a je, an riga an yi ɓarnar wurin ɗauka. Lebura ya faɗo daga bene, abokan aiki suka taso a guje. "Ku ɗaga shi!" "A zuba masa ruwa!" "Miƙar da shi ya taka mu gani." Ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu, tsakiyar jikin ta lanƙwashe tana lilo. Aka tsayar da adaidaita sahu, aka naɗe shi a kujerar baya kansa a cinyar wani, ƙafafu a waje, direba ya bi hanya mai gargada da gudu don taimako. Duk da kyakkyawar niyya aka yi, amma ƙashin da ya tsage bai taɓa laka ba yana iya gocewa a wannan tafiyar. Yadda ya kamata shi ne a bar shi kwance yadda yake, mutum guda ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya juya, a ciro ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare, a kwantar da shi a kai a ɗaure da zani ko rawani. Motar da za ta ɗauke shi a miƙe ake nema, ko da akori-kura ce. In a kan titi ne, lambar jami'an kiyaye haɗurra ta Najeriya 122 ce.

Gida da kemis

Ga wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin alamun can, matashi ne ko magidanci mai lafiya, ya zame ya bugu, yana tafiya, yana fitsari lafiya, jinya a gida ita ce daidai, kuma ba don talauci ba. Ko asibiti ya je abin da za a ce masa ke nan. Ita ce mafi araha, kuma ita ce mafi yawan mutane ke buƙata. Sai dai yadda muke yin ta ne ke da gyara a wuri biyu: kwanciya da magani.

Mun saba cewa mai ciwon baya ya kwanta ya huta har ya warke. Kwana ɗaya ko biyu ba laifi. Bayan nan kwanciyar ita ke tsawaita ciwon, domin tsoka na yin rauni, gaɓoɓi su sandare, mutum ya fara tsoron motsi. Likitoci sun daɗe da barin shawarar doguwar kwanciya ga ciwon baya irin wannan. Abin da ya fi shi ne tashi a zaga tsakar gida minti 5 ko 10 sau da yawa a rana, a riƙa ƙarawa, a bar ɗaukar kaya mai nauyi da jan ruwa a rijiya da dogon zama a babur na ɗan lokaci. A kwana biyun farko sanyi ya fi: ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a naɗe a tsumma, minti 15 zuwa 20. Daga nan sai ɗumi, tawul da ruwan zafi daidai jiki. Wurin barci, mai kwanciya rigingine ya sa matashi ƙarƙashin gwiwoyinsa, mai kwanciya a gefe ya sa tsakanin gwiwoyin. In za a tashi a fara juyawa gefe, a sauko da ƙafafu, a tura jiki da hannu.

Salla ma ba sai an azabtar da kai ba. Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, da ciwo ya dame shi ya tambayi Manzon Allah (SAW), aka ce ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe a gefensa. Na ga dattawa da ke cije leɓe suna ruku'u da gumi don kada a ce sun zauna a kujera a masallaci. Sauƙin nan an ba da shi ne don a karɓa.

Sai magani. Ka tsaya a kemis ɗin unguwa da yamma za ka ji:

"Dokta, faɗuwa na yi, bayan nan ya riƙe. Haɗa min mai ƙarfi."

"Na nawa, Alhaji?"

"Yi min na kwana uku."

Sai a ɓallo daga kati huɗu ko biyar a zuba a 'yar leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, a ce safe da dare. Ba suna, ba tambayar ko yana da olsa ko hawan jini. In ka bincika sau da yawa za ka tarar da diclofenac da ibuprofen da piroxicam a leda ɗaya, alhali dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, ciki da ƙoda kawai yake ninka wa wahala. Wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone a ciki, wanda ke sa mutum ya ji garau kwana biyu, amma idan aka daɗe ana sha shi da kansa yake cinye ƙarfin ƙashi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Babba mai lafiya zai iya shan farasitamol mai 500mg guda 2 duk bayan awa 6, kada ya wuce guda 8 a awa 24. Zai iya ƙarawa da guda ɗaya tak daga dangin can, misali ibuprofen 400mg sau uku a rana bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, da mai juna biyu, da tsoho, kada su taɓa wannan dangin sai da izinin likita. Man zafi na shafawa ba ya shiga ƙashi, amma yana ɗauke hankali daga ciwon, kuma illarsa kaɗan ce matuƙar babu rauni a fata. Tiramadol kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, kowace unguwa ta san wanda ya fara da ciwon jiki bayan aikin ƙarfi ya ƙare da kasa wuni sai da shi. Irin wannan ce ta sa gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ga mai faɗuwa akwai ƙarin hatsari: maganin da ya kashe zafi gaba ɗaya yana ba mai karaya damar komawa ɗaukar buhu.

Mai ɗori da wanzami

A nan zan ɗan daɗe, domin nan aka fi zuwa, kuma ba don rashin hankali ake zuwa ba. Mai ɗori yana kusa. Ba ya cewa a yanki kati, ba ya cewa a dawo ranar Talata, ba ya yajin aiki. Zai zo har gida, ya gaisa da kowa, ya yi bisimilla ya taɓa wurin da hannunsa, abin da wani likitan ba ya yi saboda layin da ke jiransa. Kuɗinsa ana yin ciniki, ana biya kaɗan-kaɗan, wani ma abin sadaka kawai yake karɓa. Ga kuma tsoron da ke zukatan mutane cewa asibiti yanka ne da sa ƙarfe. Kowa kuma ya san wani da aka ɗora wa hannu ya warke sarai.

To amma hannu da ƙafa daban, baya daban. A hannu mai ɗori yana lalubar ƙashin, ya ji inda ya rabu, ya ja ya daidaita, ya ɗaure da kara. Ko a can ɗin likitocin ƙashi suna yawan karɓar waɗanda aka matse wa ɗauri har jini ya daina zagayawa naman ya ruɓe, amma bar wannan. A baya, ɓangaren ƙashin da ke murƙushewa yana can ciki ta wajen ciki, ba yatsan da ke kai wa gare shi. Ɗan tsinin da ake ji a ƙarƙashin fata bayan ƙashin ne kawai. Don haka wanda ya shafa ya ce "ga shi nan ya goce" bai ga komai ba, wanda ya shafa ya ce "ba karaya" shi ma bai ga komai ba. Kuma aikin da ke biyo baya, a kwantar da mutum rub da ciki, wani ya ja ƙafa wani ya ja hammata, a danna da gwiwa ko a taka har a ji ƙas, shi ne ainihin abin da ke tura ƙashin da ya tsage cikin laka. Ƙarar da ake ji ana murna ba ƙashi ne ya koma ba, irin ƙarar da yatsa ke yi ce idan an lanƙwasa shi.

Za ka ce ai ga wane an yi masa ya warke. Gaskiya ne, kuma dalilin a fili yake: mafi yawan masu zuwa tsoka ce ta bugu, za su warke cikin makonni ko an taɓa su ko ba a taɓa ba, sai yabon ya tafi ga wanda ya taɓa na ƙarshe. Wanda aka taka ƙafafunsa suka mutu kuwa ba ya yawo a kasuwa yana ba da labari, yana ɗaki, an ce ƙaddara ce ko iska. Mai ɗorin da ya san aikinsa, in aka kira shi ga wanda ya faɗo daga sama, cewa yake a tafi asibiti tukuna. Wanda ya ce kada a je, ko ya ce a sato maras lafiya daga gadon asibiti a kawo masa, ka san da wanda kake magana.

Ƙaho, ko hijama yadda ake yi a shagunan magungunan Musulunci yanzu, bai kai ja da takawa hatsari ba. Wasu na jin sauƙin tsamin tsoka bayan an yi, na ɗan lokaci. Abin da ba ya yi shi ne ɗora ƙashi ko ɗage abin da ya danne jijiya, kuma baƙin jinin da ke taruwa a ƙahon daga fata ya fito, ba daga gadon baya ba. Wanda yake so ya yi, ya bari sai an tabbatar babu karaya, kumburi ya saɓe, kuma ya ga an ɓare sabuwar reza a gabansa, domin ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk suna bin aska. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su haƙura. Tsaga da lalas a kan wurin ciwo ban ga abin da suke ƙarawa ba sai gyambo. Tausa mai laushi da man kaɗanya ko man zaitun a tsokar gefe, bayan kwana biyu ko uku, wannan kam tana da daɗi kuma ba ta cutarwa. Addu'a da tofi ba su taɓa hana kowa zuwa hoto ba, ana haɗa su.

Sai masu cewa basir ne ko sanyi. Mutum ya faɗo daga tsani ranar Litinin, baya ya kama ranar Litinin, a ce masa basir ne ya motsa, a ba shi jarkar tsimi ya yi ta gudawa. Wannan ko muhawara ba ta buƙata.

Abin da kuɗin asibiti ke saya

Aibin asibiti sananne ne: kuɗin mota, kati, layi, hoto, wani lokaci a ce na'ura ta lalace a tura ka waje. Amma abin da kake saya a can ba magani ba ne, domin sau da yawa maganin da za a rubuta yana kemis ɗin unguwarku. Sani kake saya. Likita zai danna ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ya sa ka ɗaga babban yatsan ƙafa yana dannewa, ya sa ka taka da diddige da kan yatsu, ya buga gwiwa, ya taɓa fata ya tambaya ko ji ɗaya ne dama da hagu. Gwajin nan na minti 10 ba ya buƙatar lantarki, kuma shi ke nuna ko ana buƙatar hoto da irin wanda ake buƙata.

Hotunan uku ne kuma ba aikinsu ɗaya ba. Eksire shi ne mafi araha, ana samunsa a yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumomi, yana nuna ƙashin da ya murƙushe ko ya goce, amma ƙaramar tsaga na iya ɓuya masa. Hoton CT ya fi shi ganin ƙashi nesa ba kusa ba, shi ake so ga wanda ya faɗo daga sama sosai, kuɗinsa kuma ya ninka na eksire sau da yawa. MRI shi ke nuna laka da jijiyoyi da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, shi ne mafi tsada, sai a manyan birane. Kada ka kai kanka MRI don maƙwabci ya ce shi ne babba. Mutane da yawa da ba sa ciwon komai, in aka yi musu za a ga guringuntsi ya ɗan turo ko ya zaizaye saboda shekaru, sai mutum ya karanta takardar ya shiga damuwa a kan abin da ba shi ya kawo ciwon ba. Mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin a yi mata eksire ko CT.

Tsoron tiyata ma ya fi tiyatar yawa. Mafi yawan karayar da ƙashi ya murƙushe bai goce ba, ba a yanka ta. Magani ne, da taƙaita sunkuyo da ɗaukar kaya, wani lokaci da rigar roba ko ta ƙarfe mai riƙe baya, ƙashin ya haɗe cikin mako 6 zuwa 12. Ana yin aiki ne idan ƙashin ba shi da tsayuwa ko ya danne jijiya. Irin wannan sai manyan wurare: Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi. Ba sai kowa ya fara daga can ba. Babban asibitin da ya fi kusa ya isa a yi gwaji da eksire, su rubuta takardar turawa idan abin ya fi ƙarfinsu.

Ita rigar riƙe bayan da likita ke rubutawa don karaya daban take da bel ɗin da ake talla a kasuwa da Facebook. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa ta ce kada a dogara da bel, ko na'urar jan baya, ko magunguna dangin tiramadol. Bel na sa mutum ya ji an riƙe shi, tsokar da ya kamata ta yi riƙon kuma ta yi ta lalacewa.

Gashi

Gashin ƙashi ba wurin fara zuwa ba ne ranar da aka faɗi, amma shi ne wurin da ya fi amfani ga wanda mako 2 ko 3 suka wuce ciwon bai tafi ba, da wanda karayarsa ta haɗe yana son komawa aiki. Sai dai a san abin da ake nema. Fitila mai ɗumi da na'urar da ke tsikarar fata suna da daɗi, sauƙinsu na yini ne. Amfanin na gaske yana cikin motsa jikin da za a koya maka ka riƙa yi a gida kullum, na ƙarfafa tsokar ciki da baya da ɗuwawu, da yadda za ka durƙusa da gwiwa ka ɗauki kaya kusa da jiki. In ka je sau biyar ana kunna maka fitila kawai ba a koya maka komai ba, tambaya: "Ranka ya daɗe, me zan riƙa yi da kaina a gida?" A nemi wanda ya yi karatun aikin a sashen gashi na asibiti, domin masu shagon tausa da yawa yanzu sun sa farar riga.

Wasu mutane lissafinsu ya sha bamban. Tsohuwar da ta zame a banɗaki, ko da ta ce "ba komai 'yar nan, tsufa ne", ƙashinta ya riga ya yi rauni tun bayan ɗaukewar al'ada, ƙaramar faɗuwa na murƙushe shi, kuma a duba ƙashin kwankwaso tare. Mai sikila da wadda ta daɗe tana shan ƙwayar ƙara ƙiba su ma haka. Wanda ya faɗi zaune daɓas ya bugi ɗan ƙashin da ke can ƙarshen gadon baya kuwa, ciwonsa na da naci, yakan kai wata biyu ko fiye, amma da wuya ya zama hatsari. Ya naɗe tawul kamar gammo ya zauna a kai yadda ƙashin ba zai taɓa kujera ba, ya riƙa ɗan karkatawa gaba, ya yawaita ruwa da ganye don kada bayan gida ya yi tauri.

In kuɗin hannu kaɗan ne kuma dole a zaɓi wuri ɗaya da za a kashe su, ni dai a ganin likita da eksire zan sa su tun a makon farko. Abin da aka saba shi ne akasin haka: dubu kaɗan a kemis, dubu kaɗan wurin mai ɗori, akuya wurin mai magani, sannan bayan wata biyu a iso asibiti aljihu ya bushe, ƙashin kuma ya riga ya haɗe a karkace.

Wanda ya zaɓi zaman gida ya sa wa kansa wa'adi. Idan bayan kwana 3 ciwon ƙaruwa yake, ko mako 2 sun wuce babu wani sauƙi, ko wata alamar ƙafa ko fitsari ta ɓullo ko da rana ta goma ce, a tafi. Idan ya wuce mako 6, musamman in yana tashin mutum daga barci, ko akwai zazzaɓin dare da gumi da rama, to wataƙila faɗuwar tona abin da ke ɓoye ta yi. Tarin fuka yana kama ƙashin baya ba tare da tari ba, ya ci shi a hankali har ƙusumbi ya fito, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ga dattijo mai wahalar fitsari ko matar da ke da ƙullutu a nono, likita zai so ya tabbatar ba daji ne ya kai ƙashi ba. In za a je a tafi da ledar duk magungunan da aka sha, har da na gargajiya, a kuma faɗi gaskiya idan an riga an ja bayan ko an taka shi, domin hakan na sauya irin hoton da za a nema.